Shagon Zayyana: Abin da Ake Koya Tsakanin Kwamfuta da Injin Bugawa

 Yau a filinmu na sana'o'i za mu leƙa wani shago ne da kusan kowa ya taɓa cin moriyarsa, amma kaɗan ne suka san abin da ke gudana a cikinsa. Katin ɗaurin auren da aka miƙo maka a ƙofar masallaci ranar Juma'a, sitikar da ke jikin kwalbar turaren wuta, fostar ɗan takara, kalandar makarantar Islamiyya, bangon littafin Hausa, allon kantin magani na bakin layinku, duk wani ne ya zauna ya tsara su. Shi ne mai zayyana, wanda wasu ke kira mai zanen kwamfuta. Matasa da yawa, maza da mata, suna sha'awar wannan sana'a, kuma su nake so su matso kusa da rediyo.

Irin shagon da nake nufi ba babban kamfani ba ne. A Kano, ko Kaduna, ko Zariya, ko Maraɗi, yawanci ɗaki ɗaya ne: tebur biyu ko uku, kwamfutoci, ƙaramar firinta, bencin da kwastoma zai zauna, sai janareta a bakin ƙofa. Mutanen ciki ba su wuce uku ko huɗu ba. Akwai maigida, wanda shi ne mai ciniki, shi ne mai riƙe da kuɗi, sau da yawa kuma shi ne ya fi kowa iya aikin. Akwai mai zane ɗaya ko biyu. Sai yaron shago mai koyo, wanda zai share, ya sayo mai, ya kai aiki maɗaba'a, ya tsaya a kansa har a gama. Babban injin bugawa ba nasu ba ne, ya fi ƙarfin jarinsu. Su tsarawa suke yi, su kai wa masu inji.

Aikin kuma yana da kaka da rani. Kafin azumi da bayan Sallah katunan biki ne da jotar da ake rabawa. Ƙarshen shekara kalanda ce. Lokacin komawa makaranta fom ne da rasit da katin sakamako. In zaɓe ya gabato, kamar yadda aka gani a farkon 2023, fosta kan hana 'yan shago barci, a kwana ana aiki. Zaɓe na wucewa sai shago ya yi tsit. Wanda bai iya tanadi a lokacin cikowa ba, shi ne zai rufe shago a lokacin janyewa. Tun da aka cire tallafin man fetur a Najeriya a watan Mayun 2023, aka kuma saki darajar naira a watan Yuni, lissafin ya ƙara tsauri, domin takarda da tawada da ledar fileks yawancinsu daga waje ake shigo da su, janareta kuma ba ya jin haƙuri. Shi ya sa maigida mai hankali in ya faɗa maka farashi yakan ce, wannan kuɗin na kwana kaza ne, in ka wuce sai mun sake lissafi.

To, ga abin da ya sa na zaɓi ƙaramin shago. A babban kamfani ana raba aiki: wani ya yi magana da kwastoma, wani ya zana, wani ya je maɗaba'a. A ƙaramin shago kai ne za ka ji magana daga bakin mai aikin, kai ne za ka zana, kai ne za ka ga abin da ya fito daga inji, kai ne kuma za ka kalli fuskar kwastoma lokacin da ya buɗe kwali. A nan mutum ke gane cewa iya danna CorelDRAW ko Photoshop ba shi ne zayyana ba. Zayyana ita ce ka ɗauki abin da wani yake son faɗa, ka tsara shi yadda zai isa ga wanda ake so ya gani, a inda zai gan shi, cikin ɗan lokacin da yake da shi. Kyau yana cikin aikin, amma a bayan isar da saƙo yake tafiya.

Mu ɗauki misali. Hajiya ta shigo, tana yin yaji a gida, tana so a yi mata sitika. Sabon mai koyo zai buɗe kwamfuta nan take ya fara zuba launi. Gwani kuwa tambaya zai fara yi. Hajiya, a wane mazubi kike zubawa, roba ce ko kwalba, kuma mene ne faɗinta? Su wa ke saye, matan unguwa ne ko kantuna kike kaiwa? A kan kanta za a jera shi tare da na wasu, ko a WhatsApp ake ganin hotonsa? Mai yana taɓa jikin robar? Domin in yana taɓawa, sitikar takarda za ta jiƙe ta ɓare, sai an yi mai leda. Kin ga tela ba ya sa almakashi sai ya gwada mutum, haka mu ma. Waɗannan tambayoyin na minti goma su ne rabin aikin, kuma babu manhajar da za ta yi maka su.

Daga nan sai a zo ga abin da ya fi ba sabon shiga wahala, wato ragewa. Alhaji zai zo da fostar kantinsa, ya ce a sa hotonsa, a sa hoton kanti, a jera duk kayan da yake sayarwa, lambar waya huɗu, adireshin reshe biyu, a kuma ƙara girman komai. Ba laifinsa ba ne, kuɗinsa ya biya, yana so ya ga ya ci wurin. Aikinka shi ne ka nuna masa da ladabi cewa wanda zai karanta allon nan yana cikin adaidaita sahu ne, yana wucewa, daƙiƙa biyu ko uku kawai yake da su. A cikinsu abu nawa ido zai kama? Suna, abin da ake sayarwa, lamba ɗaya. In komai ya yi girma, babu abin da ya yi girma. Kada ka yi musu da baki. Ka yi masa iri biyu, nasa da naka, ka buga su a ƙaramar takarda, ka manna a bango, ka ce Alhaji mu koma bakin ƙofa mu duba. Gani ya kori ji.

Tutar Najeriya ma ta bi ta wannan hanya. Michael Taiwo Akinkunmi yana ɗalibi a Landan ya zana ta ya shiga gasa a 1959. A zanensa na asali akwai jar rana mai haskawa a tsakiyar farin. Masu tantancewa suka cire ranar, suka bar kore, fari, kore, aka ɗaga ta ranar 1 ga Oktoba, 1960. Yau yaro ɗan firamare zai zana ta da ka, a gane ta daga nesa. Darasi biyu ne a nan: abin da aka rage shi ya ƙara mata ƙarfi, kuma mai zane bai mallaki kalmar ƙarshe ba. Wanda ba zai iya jure a taɓa masa zane ba, zai sha wuya a wannan sana'a.

Yanzu bari mu shiga ɓangaren da ake asarar kuɗi, domin a nan ne ake bambanta wanda ya koya a waya kawai da wanda ya tsaya kusa da inji.

Fuskar kwamfuta da haske take haɗa launi, daga ja da kore da shuɗi, abin da ake kira RGB. Injin bugawa kuwa da tawada huɗu yake aiki, shuɗi mai haske, ja mai ruwan hoda, rawaya da baƙi, wato CMYK. Akwai launukan da haske zai iya nunawa, tawada ba za ta iya ba. Shi ya sa za ka ga shuɗi mai walƙiya a kwamfuta, ya fito a takarda ya dusashe ko ya karkata zuwa ruwan makuba. Amarya ta ce launin ankonta take so a kati, aka buga ɗari biyar, launi ya saɓa, wa zai biya? Saboda haka tun farko ka tsara aikin bugawa a CMYK, kuma in aikin mai yawa ne, a buga gwaji ɗaya kwastoma ya gani da idonsa.

Hoto ma haka. Don aikin da za a riƙe a hannu, kamar kati ko mujalla, ana son ɗigo 300 a kowane inci. Hoton da aka turo ta WhatsApp a matsayin hoto, manhajar ta matse shi ta rage masa nauyi. A waya zai yi kyau, a fosta fuska za ta farfashe. Ka ce a turo maka shi a matsayin fayil, ko a kawo na asali. Sannan ka bar rarar kamar milimita 3 a kowane gefe, launin ya wuce iyakar da za a yanke, domin wuƙar yanka takarda ba ta sauka daidai wa daida, in ba rara sai farin layi ya bayyana a baki. Kafin ka kai aiki maɗaba'a, ka mayar da rubutun ya zama zane, ko ka fitar da shi a PDF, saboda kwamfutar mai inji ba lalle tana da salon haruffan da ka yi amfani da shi ba, in ba ta da shi sai ta musanya da wani, tsarinka ya wargaje.

A nan akwai abin da ya shafe mu musamman, kuma yana ci mini rai. Harshenmu yana da haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, a Nijar kuma har da ƴ. Yawancin salon haruffan ado da ake saukowa daga intanet ba su da su. Sai ka ga allon makaranta ko bangon littafi an rubuta Hausa babu lanƙwasa ko ɗaya, ko kuma harafin ya fito da wata siffa daban a tsakiyar kalma, ko ɗan akwati ya tsaya a gurbinsa. Wannan ba ƙaramin aibi ba ne, domin lanƙwasar tana canza ma'ana. Kuma maganin kyauta ne. Akwai salon haruffa irin su Noto, da Charis, da Andika, waɗanda ke ɗauke da haruffanmu cif, ba a biyan ko kwabo. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya tun 1939, a zamanin da ake jera haruffan dalma, kuma an ɗauki rubutun Hausa da muhimmanci. Mu da ke da kwamfuta ba mu da uzuri.

Rubutun Larabci ya fi wannan haɗari. Wasu manhajojin in ba a saita su ba sukan rarraba haruffan, ko su juya su daga hagu zuwa dama. In aya ce ko addu'a za ta hau kalanda, kada ka dogara da idonka, ka kai wa malami ya duba wasali da ɗigo kafin a buga. Ka kuma tuna wa mai biki cewa katin gayyata a ƙasa yake ƙarewa bayan taro, ko zai so a bar ayar a sa gaisuwa kawai. Mutane da yawa sukan gode da wannan tunatarwa.

Sunaye, kwanan wata, lokaci, lambar waya: waɗannan kada mai zane ya duba su shi kaɗai. Idon da ya rubuta abu ba ya ganin kuskurensa. Ka ba abokin aiki ya karanta da ƙarfi, ka kira lambar wayar ka ji ta shiga, sannan ka tura wa kwastoma ya amsa a rubuce cewa ya gani, a buga. Wannan ɗan saƙon shi ne shaidarka ranar da aka ce an rubuta Asabar maimakon Lahadi.



Tambayar da matasa suka fi yi ita ce, a ina zan samo basira? Da yawa amsarsu ita ce su buɗe intanet su kwaikwayi abin da aka yi a Amurka ko Dubai. Duba aikin wasu ba laifi ba ne, kowa yana yi. Amma ina so ka ɗaga kai daga waya ka dubi garinku. Ka tsaya gaban tsohon gidan ƙasa a cikin birnin Zariya ko Kano ko Damagaram, ka ga yadda magina suka zagaye ƙofar zaure da zane, suka bar sauran bangon fili, don ido ya san inda zai shiga. Babban Gwani Malam Mika'ilu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, ya san ma'auni da daidaito ba tare da kwamfuta ba. Ka ɗauki babbar riga mai aska takwas ka duba: aikin ba a tsakiya yake ba, ya karkata gefe guda, amma rigar ba ta rinjaya ba. Ka je marinar Ƙofar Mata ka ga abin da ake fitarwa da launi ɗaya tak, baba, da farin yadi. Ka dubi hula, da faifai, da zanen ƙwarya, da aikin dukawa. Duk darussan da ake koyarwa a aji, na maimaita siffa, da barin fili, da jan ido zuwa wuri ɗaya, suna nan a gabanka.

A 1958 wasu ɗalibai a kwalejin Zariya da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, cikinsu har da Uche Okeke, da Demas Nwoko, da Bruce Onobrakpeya, da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar masu zane. Ra'ayinsu shi ne a koyi dabarun da Turawa suka kawo, amma a haɗa su da gadon gida. Sun zama manyan masu fasahar ƙasar nan. Sai dai a lura, ɗauko Dagin Arewa a liƙa a kusurwar kowace fosta ba shi ne amfani da gado ba. Gadon yana cikin fahimtar dalilin da ya sa magabata suka ajiye kowane zane a inda suka ajiye shi.

Sai maganar kuɗi, wadda kunya ke hana matasa yi. Ka karɓi kafin alƙalami, aƙalla rabi, kafin ka taɓa kwamfuta, in kuma akwai bugawa, kuɗin takarda da inji su shigo hannu gaba ɗaya. Ku yi magana tun farko gyara sau nawa ne a cikin kuɗin, domin akwai mai dawowa sau bakwai, matarsa ta ce kaza, abokinsa ya ce kaza. Samfurin da za ka tura kafin a cika kuɗi ka sa masa alama a kai. Aikin siyasa kuwa, tsofaffin hannu za su gaya maka, a biya kafin a ɗauka, domin bayan zaɓe neman wanda ya kawo aikin yakan zama aiki na biyu. Kuma ka raba kuɗin zane da kuɗin bugawa a rasit. Mutanenmu sun saba biyan abin da za su riƙe a hannu, tunani kuwa suna ganin kyauta ne. In kai ma ka ɓoye kuɗin tunaninka a cikin kuɗin takarda, ka taya su raina shi. 'Yan uwa da abokai za su ce ai ɗan danne-danne ne, yi mini. Ka yi alheri in ka ga dama, amma ka faɗi kuɗin aikin, sannan ka ce na bar maka. In shago ya fara tsayawa, ka yi rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC, domin makarantu da ƙungiyoyi da ma'aikatu ba sa son tura kuɗi asusun mutum.

Akwai kuma aikin da ba a karɓa ko nawa ne. Wanda ya iya zayyana ya iya kwaikwayon takardar shaidar makaranta, da katin shaida, da hatimin ofis, da rasit ɗin banki. Za a zo maka da su, wani lokaci ma wanda kake jin nauyinsa ne zai zo. Za a ce ka sa lambar NAFDAC a jikin kayan da ba a yi wa rajista ba, ko ka kwaikwayi kwalin wani magani, ko ka haɗa hoton wani da abin da bai aikata ba. Wannan jabu ne, laifi ne a doka, kuma in maganin ya cutar da yaron wani, hannunka yana ciki. Haka ɗauko tambarin wani ko hoton da wani ya ɗauka ka sayar a matsayin naka. Najeriya tana da sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023, wadda ke kare aikinka kamar yadda take kare na wanda kake shirin ɗauka. Hotunan amare da na iyalan mutane da ke cikin kwamfutarka amana ce, ba a tallata aiki da su sai da izini.

To ta ina za a fara? Wanda ya samu damar karatu, akwai sashen zayyanar masana'antu a Jami'ar Ahmadu Bello, inda ake koyar da zanen talla da na yadi da aikin tangaran, akwai kuma kwalejojin kimiyya da fasaha. Wanda bai samu ba, ƙofa ba ta rufe ba. Fensir da takarda sun isa a fara horar da ido. Canva tana aiki a waya, Inkscape da GIMP kyauta ne a kwamfuta. Amma in a shagunanmu za ka yi aiki, ka koyi CorelDRAW da kyau, domin ita ce yawancin masu inji suka saba da ita. Ka nemi shago ka zauna a ƙarƙashin wani, ko da shekara ɗaya ce, kuma in an aike ka maɗaba'a kada ka ɗauka wahala ce, ka yi ta tambayar mai inji, a wurinsa ilmin yake. Ka tara ayyukanka biyar ko shida mafiya kyau don nunawa, ba hamsin ba. In ba ka da kwastoma tukuna, ka sake tsara allon mai shayin layinku don gwaji. Ka riƙa ajiye aikinka a wuri biyu, saboda filas ɗin kwastoma kan shigo da cutar kwamfuta, wuta kuma ba ta sallama kafin ta ɗauke.

Manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke fitar da hoto cikin daƙiƙa sun iso, kuma za su cinye wani ɓangare na ƙananan ayyuka, babu amfanin ɓoye wannan. Ka koye su, kayan aiki ne. Amma ba su san faɗin robar yajin Hajiya ba, ba za su tsaya a kan inji su ga launi ya kauce ba.

'Yan mata da matan aure, wannan sana'a ce da ake yi daga ɗaki, kuma masu turare da kayan ƙamshi da abinci da ɗinki, waɗanda yawancinsu mata ne, sun fi sakewa su yi bayani ga mace 'yar uwarsu. Iyaye kuma, in kun ga yaro yana yawan zane a bayan littafi, kada ku yi saurin cewa wasa yake yi.

Kalma ɗaya ga masu shago. Yaron da ke wurinka ya zo koyo ne, kada ya shekara yana sayo mai da abinci bai taɓa kwamfuta ba. Ka ba shi ƙananan ayyuka, ka gyara masa a gabansa, ka ba shi na sabulu, ranar da ya isa kuma ka yaye shi da albarka. Kai kuma yaro, kwastoman maigidanka ba naka ba ne, kada ka bi shi ta bayan gida da rangwame.

Lokaci ya cim mana. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu shiga maɗaba'a kanta, mu ji yadda ake lissafin takarda da faranti da tawada kafin a yanke wa aiki farashi.